Motar da Ta Ƙi Baba

Asabar, 2 ga Maris

Yau ma mai ya zuba. Baba ya tayar da motar da safe kamar kullum, ina tsaye gefen bonet, sai na ga fetur yana ɗiga daga gindin kafireta, wadda ke gauraya mai da iska, yana sauka kan inji, injin kuwa ya fara zafi. Na ce ya kashe, ya ce ba a kashe ta sai ta ɗumama. Dole na zura hannu ta taga na murɗe makullin. Irin kallon da ya yi mini, kamar na mare shi a gaban mutane.

Jikin kafiretar ne ya tsage. Mai walda na bakin titi ya like ta bara, ya sake likewa bana, yau ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan kuma sai addu'a." Na zaga wajen masu tsofaffin kayan mota, wanda bai yi mini dariya ba shi ne ya ce in kai ta gidan tarihi. Motar ta girme ni, ban ga laifinsu ba.

Da wata mota ce da na lulluɓe ta da tamfol na huta. To ita ce ke tada Baba daga gado. Tun da mantuwar nan ta kama shi ba ya riƙe ranar mako, ba ya riƙe ko ya ci abinci, wani lokaci ya tambaye ni ina Inna ta shiga, Innar da ta rasu tun kafin in yi aure. Abu ɗaya ne bai taɓa ɓace masa ba. Gari na wayewa zai ɗau tsummansa ya goge ta, ya shiga ya tayar, ya zauna yana sauraron inji kamar yadda ya yi duk shekarunsa na direba. A nan kan kujerar yake shan shayi, a nan yake haɗiye magani ba gardama, sannan ya koma gefe in zaga da shi unguwa, tunda likita ya hana shi tuƙi. Ranar da ba ta tashi ba, ba wanda ke shan ruwa da daɗi a gidan nan.

Ina tsoron wata rana ta kama da wuta yana ciki.

Laraba, 6 ga Maris

Na yanke shawara. Zan cire kafiretar kwata-kwata in sa mata nozul masu fesa mai irin na motocin yanzu, da 'yar ƙwaƙwalwar da za ta riƙa auna musu man. Akwai wadda ake aiko wa mutum a warwatse ya haɗa da kansa. Ni da nake wuni a shago ina like allunan firinta da dalma, wannan ba zai gagare ni ba.

Haka na faɗa wa Uwargida. Ta ce, "Haka ka ce ranar firij." Firij ɗin yana nan a baranda, takalman yara ake zubawa a ciki.

Yaya ta kira daga can garinsu. "Auta, wai mota kake jinya ko Baba?" Ita dai tun bara maganarta ɗaya: a sayar da motar, Baba ya koma wurinta, tana da mai kula da shi. Gidan sama take, hawa na uku, ko keke ba shi da wurin ajiyewa. Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce ai lokacin take ta ba ni.

Juma'a, 22 ga Maris

Kaya sun iso. Na haɗa allon, na ƙona yatsa, fitilarsa ta kawo kore. Na nuna wa Uwargida, ta ce ma sha Allah, ta ci gaba da guga.

Baba ya sake tambayar Inna. Na ce, "Baba, Inna ta rasu, ai ka sani." Ya sunkuyar da kai. Uwargida ta ja ni kicin ta ce in daina, kullum sai na sa ya yi sabon makoki. Ni kuwa gani nake in na biye masa, da hannuna na sake shi.

Asabar, 30 ga Maris

An fara, kuma babu komawa.

Na ce wa Baba motar tana sabis. Wannan kalmar ta zauna masa daram. Ya sa aka kawo masa kujera gindin katanga, ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana ba da umarni: kar a ɗora sifana kan fenti, a zuba notoci cikin gwangwani. Ya miƙo mini sifana daidai da notin ba tare da na faɗa ba. Rabon da in gan shi haka na manta.

Ina kwance noti na ƙarshe kafiretar ta rabe biyu a hannuna. Ashe waldar ce kawai ke riƙe da ita. Na yi maza na tura ta ƙarƙashin mota da ƙafa kafin ya gani. Da yamma mai walda ya huda bututun da ke kai iska cikin inji, ya zaunar da nozul ɗin. Yana hudawa yana cewa, "Ka dai tabbata ko?" Yana tambaya ne bayan ya riga ya huda.

Maɓallin cok na jikin dashbod, wanda ake ja don inji ya kama da sanyin safiya, na bar shi a inda yake, don kar wurin ya zama rami. Wayarsa dai ba ta haɗe da komai yanzu.

Talata, 2 ga Afrilu

Ba ta tashi ba. Ta yi tari, ta yi harbi ta salansa, karen maƙwabta ya tsere.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ta tashi!

Sensar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa juyin inji ce na haɗa wayoyinta a juye. Ina gyarawa na taɓa makulli, kafin in saki ta kama. Ba tari, ba hayaƙi, ba warin fetur. Na zauna da kwamfuta a cinya ina rage mai ina ƙarawa har silo, wato juyin inji in mota na tsaye, ya kwanta lumui, ka ɗora kofin shayi kan bonet ba zai motsa ba. Na kashe na tayar, na kashe na tayar, kamar yaro da sabon tocila. Uwargida ma ta shiga ta gwada, taɓawa ɗaya. Ta ce to, ta janye maganar firij, amma rabi.

Baba yana barcin rana. Na so in tashe shi, aka hana ni. Gobe da safe zai ga abin mamaki.

Litinin, 8 ga Afrilu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Ya goge ta tsaf, ya shiga. Ya ga kwamfuta a kujerar gefe ya ce a fitar masa da talabijin daga mota, na fitar. Na koma gefen bonet inda na saba tsayawa, ina murmushi tun kafin a yi komai. Ya murɗa makulli. Kik ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, ba ta ko yi tari ba. Ya saki, ya sake. Haka dai.

Na ce, "Baba, kawo in gani." Da ma ban faɗa ba. Ya fito, na shiga, taɓawa ɗaya ta tashi. Na kashe na ce ya sake gwadawa. Ta ƙi. Na karɓa, ta tashi. Duk a gaban Uwargida da yara, sun fito da jakunkunan makaranta suna jira su tafa.

Ya tsaya yana kallon makullin a tafin hannunsa. Bai sha shayin ba.

Talata, 9 ga Afrilu

Kamar jiya. Ni ta tashi, shi ta ƙi.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Yau ya gwada sau ɗaya kawai. Ya zare makullin, ya ninke tsumman ya ajiye kan sitiyari, ya fito a hankali. Da zai wuce ni ya ce, ba ma da ni yake ba, "Ita ma ta manta da ni."

Ya shiga ɗaki ya kwanta, fuska ga bango.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Bai fito ba tun ranar. Abinci sai Uwargida ta zauna ta yi ta lallashi ya ci loma biyu. Magani kuwa yana riƙe shi a kunci, in an juya baya ya tofar, mun tsinci ƙwayoyin a bayan gado.

Na bi kowace waya da mita. Na canza rile, na canza fis, na goge kan batir har yana ƙyalli. Na ce ko sanyin safiya ne, na fito tun rana ba ta fito ba, ta tashi. Na ce ko makullinsa ne ya cinye, na gwada da nasa, ta tashi. Na kira mai riwaya, ya duba sama ya duba ƙasa, ya tayar da ita ya ce, "Maigida, motar nan ai ta fi ni lafiya." Na rubuta wa mutanen intanet da ke haɗa irin wannan ƙwaƙwalwar, suka ce in jona kwamfuta lokacin da ta ƙi tashi in turo musu abin da ta nuna. Ta yaya zan ce musu mutum ɗaya take ƙi a duniya, kuma ya daina fitowa?

Ta ina ake gyara abin da bai lalace ba, ni dai ban sani ba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Na zaro kafiretar daga inda na ɓoye ta, na haɗa ɓarin biyu ina kallo. Ko da ta haɗu, bututun ya riga ya sha huda.

Asabar, 20 ga Afrilu

Yaya ta zo. Ta shiga wurin Baba ta daɗe, ta fito idonta jawur. Na shirya wa faɗa, ban samu ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta zauna kan dakalin ƙofar kicin ta ce, "Auta, ka ga wuyan hannunsa kuwa? Agogonsa har gwiwar hannu yake zamewa."

Ta ce ƙarshen wata za ta zo da mota ta tafi da shi, can akwai mai sa masa ruwa in ya ƙi ci. Ba ni da bakin cewa a'a. Hujjata a kullum ita ce motar nan ce ke riƙe da shi, ga shi ni na cire masa ita da hannuna, ina ganin gwaninta na yi. Na san in ya hau benen nan ba zai sauko da ƙafarsa ba. Ita ma ta sani, shi ya sa ba ta kalle ni ba da take faɗa.

Da za ta tafi ta shafa bonet ɗin. Ta ce a cikinta aka kai ta makarantar kwana, tana kuka Baba yana ƙara rediyo.

Talata, 23 ga Afrilu

Na gano. Wayyo ni, na gano.

Ban je shago ba, ba na iya ganin firinta. Na shiga motar na zauna ba don in gyara komai ba. Tsummansa na nan kan sitiyari yadda ya ninke. Ban san me ya hau kaina ba, sai na ce bari in tayar da ita yadda yake yi, yadda nake gani tun ina leƙowa daga kujerar baya. Na gyara madubi, ko da ba abin da ya same shi. Na ja cok rabi. Na taka totur sau biyu. Na danne shi har ƙasa, na riƙe, na murɗa makulli.

Ta ƙi tashi.

Na ɗaga ƙafa, ta tashi. Na danne, ta ƙi. Na ruga na ɗauko kwamfuta, ga shi nan ɓaro-ɓaro. An yi ƙwaƙwalwar ne yadda in mutum ya danne totur har ƙasa yana kik, sai ta ɗauka mai ne ya cika inji yana son ya kore shi, sai ta yanke man gaba ɗaya. Haka ta zo, ban taɓa wurin ba, ban ma san da shi ba. Shi kuwa Baba tsohuwar kafiretarsa mai yoyo ba ta tashi sai an danne mata totur, ƙafarsa ta saba tun ban san kaina ba. Ni kuma kullum ina gefen bonet ina kallon inji, tun da na haɗa ta ban kalli ƙafarsa ba.

Gyaran bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Na kashe wannan abin, na kuma sa mata iyaka don kar ta yi ihu in ta kama da totur a ƙasa. Na gwada irin nasa, ta tashi.

Na kifa kai kan sitiyari. Uwargida ta leƙo ta taga ta gan ni, ta koma ciki.

Laraba, 24 ga Afrilu

Na durƙusa gefen gadonsa na ce, "Baba, na gyara, laifina ne, ba naka ba ne. Zo ka gwada." Na yi masa bayanin totur, na yi na ƙwaƙwalwa, har da kwatance da hannu. Ya bar ni na gama. Ya ce, "A ba mai ita."

Na sa masa makullin a hannu, ya bar shi ya zame kan katifa. Ya manta abin da ya ci, ya manta ranar da muke, wannan ɗaya ce ya ƙi mantawa.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Na tayar da ita a saitin tagarsa na bar ta tana silo, ko zai ji. Me zai ji? Na gyara ta har ba ta da murya.

Yaya ta turo saƙo, ranar Laraba za ta zo. Uwargida ta fara wanke masa kaya tana ninkewa a ɓoye, don kar in gani. Na gani.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Wauta ta yi mini rana. Jiya na zare fis ɗin famfon mai ina share wurin, na manta ban mayar ba. Da safe na zo tayarwa, kik ya yi ta gurnani a banza, ni kuma haushi ya sa na ƙi saki, na yi ta murɗawa har batir ya fara ja da baya.

Sai ga Uwargida da gudu, da cokali a hannu. Wai tana ba Baba abinci ya ture cokalin, ya tashi zaune da kansa, ya ce, "Wane sakarai ne zai kashe batir? Bai ja cok ba!" Har ya sauko da ƙafa ɗaya, sai ƙarar ta tsaya, ya koma ya kwanta.

Muka tsaya muna kallon juna. Ta ce, "Baban yara, kai dai ka cika iyawa. Ka ɗan kasa mana."

Litinin, 29 ga Afrilu

Na kwance dashbod na ɗaura ɗan makunni a bayan maɓallin cok. Yanzu in ba a ja cok ba, nozul ba sa samun wuta lokacin kik, ko shekara za a yi ana murɗawa. In ta kama, a mayar da shi, ta ci gaba da aikinta. Na kuma koma cikin kwamfuta na ɓata silon da na sha wahalar daidaitawa, na ƙara mata mai da safe yadda za ta ɗan yi rawa, ta ɗan yi wari. Ina yi ina jin kamar mai zuba yashi a abincin da ya dafa.

Ban sani ba ko zai yi. Ba ni da wata dabarar bayan wannan.

Talata, 30 ga Afrilu

Na tura ta saitin tagarsa, na shiga, ban taɓa cok ba. Na murɗa, na saki, na murɗa. Gumi har cikin ido. Batir ya fara sanyi, na ce shi ke nan, na kashe batir a banza gobe kuma a tafi da Baba.

Sai na ji ƙarar silifas. Ya fito da singileti, yana dafa bango, Uwargida na bayansa ta buɗe hannu ba ta dai taɓa shi ba. Ya rame ƙwarai, sai a hasken waje na gani sosai. Ya buga rufin motar da tafin hannu. "Kai! Sauka. Haka aka koya maka?"

Na sauka. Ya zauna, ya gyara madubi, ya ja cok rabi, ya taka sau biyu, ya danne. Ya murɗa, ta yi tari ɗaya ta kama, tana rawa, hayaƙi ya ɗan fito ta baya. Ya ɗaga ƙafa a hankali, ya karkata kai yana saurare. Ya daɗe a haka. Uwargida ta miƙa shayi ta taga, ya karɓa bai ko duba ba, ta miƙa magani ya haɗiye.

Na matso ina share ido. Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa baƙo. Ya ce, "Auta ne ya ɓata ta. In ka gan shi ka ce kar ya ƙara taɓa mini mota."

Bakina ya buɗe zan ce Baba ai ni ne. Uwargida ta taka mini ƙafa.

Na ce, "To, zan gaya masa."

Asabar, 11 ga Mayu

Yaya ta zo ranar da ta ce, ta tarar da shi a mota yana cin burodi yana yi mini faɗa. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta kalla, ta ce a sauke jakar tukuna, mu ga wata mai zuwa. Ba ta ce ta fasa ba.

Kullum da safe ina fita in kasa tayar da ita, shi kuma ya fito ya kore ni. Wata rana da wuri, wata rana sai na kusa fid da rai. Mai riwaya ya ce in sa wani makunni a ɓoye don in ina sauri, na ce zan sa, ban sa ba. Jiya ni kaɗai zan je shago, na tsinci kaina ina gyara madubi.

Ya tambayi Inna shekaranjiya, na ce ta ɗan fita. Ya ce to, ya ci gaba da goge gilashi.

Bai sake kirana Auta ba tun ranar nan. Yau muna zaga unguwa, yana gefe da tsummansa a cinya, ya ce, "Wai kai ɗan wa ne?" Na ce ɗan wani direba ne. Ya ce, "Direba? Kuma bai koya maka tada mota ba?" Na ce ya yi ƙoƙari, ni ne ban ɗauka ba. Ya girgiza kai, ya ce ba komai, in riƙa zuwa da safe, zai nuna mini.

Na ce zan riƙa zuwa.

Sai na nemo wani batir ranar Litinin, wannan ba zai jure ba.